Daga Dutsen Toro Zuwa Zuciyar Mutum: Me Masu Bincike Ke Aunawa?

Duk wanda ya saba bin hanyar Bauchi zuwa Jos ya san Toro, ko da ta tagar mota ce: duwatsu jibga-jibga, sanyin da ke fara ratsa mutum tun kafin ya hau tudun Filato, da masu tallar dankali da tumatir a bakin titi. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, a wannan ƙaramar hukuma akwai cibiya ta hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aikinta auna siffar duniya da motsinta. Wata rana muna hanyar zuwa ta'aziyya na ba wani kawuna labarin cibiyar. Ya dube ni ya ce, "To ɗana, me suka ɓatar a cikin dutse da suke bincike?" Na ce, "Kawu, ba su ɓatar da komai ba, awo suke yi." Ya ce, "Dutsen da yake nan tun kafin kakanninmu, me za a auna a jikinsa?"

Tambayar ta fi ƙarfin hirar cikin mota, kuma ba Kawu kaɗai ke da ita ba. A kunnen Bahaushe kalmar bincike ta fi kama da aikin ɗan sanda ko na mai cigiyar akuya. A jami'a kuwa mai fiziks yana cewa bincike yake yi, malamin tsangayar ilimi ma haka, likitan ƙwaƙwalwa ma haka, alhali ɗaya na fama da na'ura, ɗaya da yara, ɗaya da mai kuka a gabansa. Me ya haɗa su har suke amsa suna ɗaya?

Amsar Kawu ita ce dutsen tafiya yake yi. Nahiyar Afirka na zaune ne a kan wani makeken faifan dutse da ke gusawa arewa maso gabas, kamar santimita biyu a shekara, abin da bai kai tsiron farcen yatsa ba. Babu mai jin wannan a jikinsa. Ana gane shi ne idan aka kafe na'urar karɓar saƙon GPS, wato taurarin ɗan'adam masu nuna wuri, a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya nutsewa kuma ba ya kumbura da damina kamar laka, aka bar ta tana rubuta inda take dare da rana, shekara da shekaru. Irin ƙasar Toro ta dace da wannan aiki. Daga irin wannan awo ake samun tubalin taswirar da ake shata filaye da hanyoyi da ita. Kuma lokacin da ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018, mutane suka kwana a waje don tsoro, rubutun na'urorin auna girgizar ƙasa ne kawai zai iya bambance ƙaramin motsi da alamar babban haɗari.

Awo shi ne abu na farko. Na biyu ya fi wuya ga ɗan'adam: mai bincike ya tsara tambayarsa yadda amsar za ta iya ƙaryata shi, kuma ya buɗe aikinsa wasu su duba. A 2011 wasu masana suka riƙa harba wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino daga cibiyar CERN da ke iyakar Suwizalan da Faransa zuwa wani ɗakin gwaji a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, nisan kilomita 730. Lissafinsu ya nuna ƙwayoyin na isa da wuri, da kashi 60 cikin biliyan na sakan ɗaya, fiye da yadda haske zai isa. Da hakan ya tabbata, da ginin da Albert Einstein ya ɗora tun 1905, cewa babu abin da ya fi haske sauri, ya tsage. Ba su buga ƙirji ba. Suka baje alƙalumansu suka roƙi duniya ta nemo musu kuskuren. A 2012 aka gano cewa wata wayar da ke kai saƙon agogo ce ba ta ɗauru daidai ba. Wani zai ce abin kunya ne. Ni kuwa duk lokacin da ɗalibi ya tambaye ni mene ne bincike, wannan labarin nake fara ba shi, domin mutanen sun fi son gaskiya a kan sunan da za su yi.

Einstein ɗin ma yana cikin aljihun ɗan acaɓan da ke bin taswira a wayarsa. Taurarin GPS na shawagi ne a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito. Waya na gane inda take ta hanyar lissafa tsawon lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya iso daga aƙalla taurari huɗu. Sai dai agogon da ke can sama yana gaba da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana, daidai yadda nazarin Einstein ya hango. In ba a gyara wannan ɗan bambanci ba, kuskuren zai iya haura kilomita goma a yini guda. Mutumin da ya yi lissafin bai san za a yi wayar hannu ba. Shi ya sa nake jin nauyin mai cewa kada a kashe ko sisi sai a kan binciken da za a ci amfaninsa gobe da safe.

Samaniyar da ke bisa kanmu ma tana da nata sha'anin. Akwai wani sashe na iskar sama, daga kamar kilomita 80 zuwa ɗaruruwa, wanda hasken rana ke cika shi da lantarki. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa Najeriya, mu nan ba mu da nisa da shi. A kan wannan layi wani kogin lantarki na kwarara gabas da rana, a tsayin kusan kilomita 100, kuma Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya saboda nazarinsa tun yana Jami'ar Ibadan. Bayan faɗuwar rana kuma sashen kan hargitse ya dagula saƙon taurari, GPS ya yi ta tangarɗa. Masanin Jamus ko Japan sai ya yi tattaki ko ya roƙi alƙaluma kafin ya nazarci wannan. Ɗalibin fiziks a Yelwa ta Bauchi ko Kashere ta Gombe a ƙarƙashin abin yake kwana.

Taurarinmu na ɗan'adam labarinsu gajere ne. An kafa NASRDA a 1999. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumban 2003, wani kamfanin Ingila ne ya ƙera shi. NigComSat-1 na sadarwa ya tashi daga Sin a 2007, ya mutu a 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, aka maye gurbinsa a 2011. A wannan shekarar aka harba NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu bayan horo a Ingila. Abin alfahari ne, amma sayen tauraro daban, bincike daban. Amurka ta buɗe hotunan taurarinta na Landsat kyauta tun 2008, hotunan da suka faro daga 1972. Duk mai kwamfuta da intanet zai iya jera su ya ga yadda kwazazzabai ke cin unguwannin Gombe, ko yadda faɗin ruwan Dadin Kowa ke sauyawa tsakanin rani da damina, ko ta wane gefe gonaki ke matsar dajin Yankari. Rashin kuɗi uzuri ne na gaske a fannoni da yawa. A wannan kam bai cika uzuri ba.

Dutse dai ba ya jin kunya, ba ya ƙoƙarin faranta wa mai awo rai. Da an shigo aji sai lamari ya sauya, domin yaro yana girma ko an koyar da shi ko ba a koyar ba, yana zuwa da yunwa ko da ƙoshi, kuma gidan da ya fito na biye da shi har kan benci. Idan aka kawo sabuwar dabarar koyarwa yara suka ƙara ƙoƙari, ta yaya za a san dabarar ce? Zakara kan yi cara gari ya waye, amma ba carar ce ta wayar da garin ba. Maganin da masu bincike suka samo shi ne kwatance: a ɗauki makarantu masu kama da juna, a jefa ƙuri'a, wasu su sami sabon abin, wasu su ci gaba yadda suke, a auna duka kafin da bayan.

Wannan hanya ta sha kunyata masu kyakkyawar niyya. A tsakiyar shekarun 1990 Michael Kremer da abokan aikinsa suka gwada raba littattafan karatu a makarantun karkara na yammacin Kenya. Wa zai yi musun cewa littafi na taimako? Sakamako ya nuna yaran da dama can suke kan gaba su ne suka amfana, sauran ba su motsa ba, saboda littattafan da Turanci suke kuma sun fi ƙarfinsu. A Indiya ƙungiyar Pratham ta ɓullo da dabarar raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, a koya wa kowa daga inda ya tsaya, kuma gwaje-gwajen da Abhijit Banerjee da Esther Duflo suka yi sun nuna tana aiki. Su ukun suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Mu ma an taɓa sa mana madubi. A farkon shekarun 2010 an gwada karatun 'yan firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato ta hanya mafi sauƙi: a miƙa wa yaro ɗan gajeren labari da Hausa, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Mafi yawan 'yan aji uku da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Wannan awo mai ɗaci yana cikin abin da ya share fagen shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a jihohin biyu da tallafin Amurka. Tun kafin nan, a 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Jami'ar Ife inda aka koyar da yara duk darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da soke tsarin, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa a yankunan da aka fi koyarwa da harshen gida. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Yankunan nan su ne kuma ke fama da talauci, da ƙarancin ƙwararrun malamai, da ajin da yara ke zaune a ƙasa har bakin ƙofa. Wanne daga ciki ya jawo faɗuwar? Ba a raba su sai da kwatance na gaskiya, kuma makomar miliyoyin yara ta cancanci a yi shi kafin a yanke hukunci.

A nan ne raina ke ɓaci da abin da muke kira bincike a manyan makarantunmu. Na duba kundayen kammala digiri da dama, kusan duk ƙirarsu ɗaya: tasirin kaza a kan kaza a ƙaramar hukumar kaza. A buga takardar tambayoyi, a raba wa malamai, a tambaye su ko kayan koyarwa na taimaka wa yara, su zaɓi "na yarda" ko "na yarda ƙwarai". Wane malami ne zai ce a'a? An tara ra'ayi, ba a auna yaro ko ɗaya ba, kuma tun kafin a fita an san abin da za a rubuta a babi na biyar. Ɗaliban ba su da laifi sosai, abin da suka tarar ke nan. Malamansu ma an ɗaure ƙarin girmansu da yawan maƙalun da suka buga, ba a cika tambayar abin da maƙalar ta gano ba, sai mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda suka sami kasuwa. Ga rashin wuta a ɗakin gwaji, ga yajin aiki irin na ASUU na 2022 da ya ci wata takwas. Asusun TETFund na ba da tallafin bincike, kuma akwai malamai a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Jami'ar Jihar Gombe da sauransu da ke aiki na haƙiƙa cikin wannan ƙunci. Tsarin ne bai bambanta su da masu cika takarda ba.

Awo mafi wuya shi ne na zuciya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu mutane ne da aka tarbiyyantar da kunya da haƙuri, fuskarmu ta iya ɓoyo. Matar da ta haihu ta daina barci, ta daina cin abinci, take kuka ba dalili, sai a ce aljanu ne ko sammu ko rashin godiya. Magidancin da ya baro Borno ko Yobe da iyalinsa ya zauna a Gombe, ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba, in ka gaishe shi zai ce lafiya lau. Matashin da ya faɗa shan kodin, wanda gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018, sau da yawa akwai abin da yake ƙoƙarin kashewa a ransa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Jinya ta hanyar zantawa ba hira ba ce kawai, kuma ba wa'azi ba ce. Tsari ne da mai jinya ke bi da mara lafiya, zama bayan zama, su zaƙulo tunanin da ke cin sa, su gwada shi da zahiri, su ware matsala ɗaya da za a iya taɓawa a wannan makon. Aaron Beck ya tsara irin wannan a Amurka a shekarun 1960. Amma tunanin ba baƙo ba ne a wurin Musulmi: Abu Zaid al-Balkhi, fiye da shekara dubu da suka wuce, ya yi rubutu a kan baƙin ciki da tsoro da waswasi, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke sauka ba sanadi. A ƙasar nan kuma Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda marasa lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu maimakon a kulle su, har ya riƙa aiki da masu maganin gargajiya.

Tambayar ita ce ta yaya za a san magana ta warkar? Damuwa kan lafa da kanta a wasu mutane. Wasu kuma kulawar da aka nuna musu kaɗai kan sa su ji sauƙi. Mai jinya yana son aikinsa ya yi kyau, mara lafiya yana jin nauyin ya ce bai ji daɗi ba. Ko a ƙasashen da suka yi nisa abin na ba da wahala: a 2015 wasu masana suka sake maimaita gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan'adam da aka riga aka buga, waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai 40 ba. Don haka nan ma sai an koma ga ƙuri'a da kwatance.

A Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, zama shida bisa tsari. Bai tsaya ga yabon da mutane ke yi ba. Aka raba asibitoci 24 ta ƙuri'a, aka bi mutum 573. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da alamun tsananin damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan rabi. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, al'ummar Musulmi mai kama da tamu ta fuskoki da yawa, Farfesa Atif Rahman ya horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa su zanta da masu juna biyu da ke cikin damuwa, kuma sakamakon 2008 ya nuna yawan masu ciwon ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da ɗaya rukunin.

Abin da ya fi jan hankalina a aikin Chibanda shi ne bai shigo da kalmar Turawa ba. Ya yi amfani da abin da mutanensa ke cewa da harshen Shona, wanda ma'anarsa yawan tunani. Mu ma haka muke cewa. Matar da ta je asibitin sha-ka-tafi a Kumo ko Darazo ba za ta ce tana da cutar damuwa ba. Za ta ce kanta na mata nauyi, gabanta na faɗuwa, jikinta ba ƙarfi, barci ya ƙaurace mata. Sai a auna jininta a ba ta maganin zazzaɓi ta koma gida. Takardun gwajin da likitoci ke amfani da su an tsara su ne da Turanci, kuma fassara su kalma da kalma ba ta wadatarwa, domin damuwa da ɓacin rai da baƙin ciki da ƙunci ba abu ɗaya ba ne a bakin Bahaushiya, balle a bakin Bafulatana ko Batangaliya. Kafin a auna komai sai wani ya zauna da ungozomomi da malaman Islamiyya da masu ruƙiyya da matan kansu, ya rubuta kalmomin da suke faɗa, ya gano wacce ke nufin ciwo, wacce ke nufin gajiyar rayuwa ta yau da kullum.

Bayan nan gwajin kansa ba ya buƙatar tauraro ko ɗakin gwaji. Ƙananan asibitoci kamar ashirin a Bauchi ko Gombe, a raba su ta ƙuri'a a gaban shaidu. A horar da dattijan mata da unguwa ta yarda da riƙon sirrinsu. A rubuta tun farko abin da za a auna da ranar da za a auna shi, a ajiye inda ba za a iya sauya shi ba, kuma wanda zai yi awon ƙarshe kada ya san wace mace ce ta fito daga wane rukuni. Kuɗin da zai fi tafiya na mota ne da man babur, saboda bayan wata shida wasu matan ba za su dawo ba. Wata ta yi yaji, wata mijinta ya hana, wata sun tashi zuwa wani ƙauye, wata jikin ne ya tsananta har ba ta iya fita. In aka ƙirga waɗanda suka dawo da ƙafarsu kaɗai, sakamako zai yi kyau a takarda, domin mai sauƙi ce ke iya dawowa. Dole mai binciken ya ɗauki sunayen waɗanda ba su zo ba, ya nemi izinin mai unguwa da na maigida, ya bi su gida-gida har sai ya ji yadda kowacce ta kwana.